Faizullah Khojaev: Ɗan attajirin da ya kifar da Sarkin Bukhara, kundin tsarin mulki ya kasa ceton ransa

A ranar 12 ga Disambar 1937 al'ummar Uzbekistan suka fita zaɓen farko a ƙarƙashin sabon kundin tsarin mulkin Tarayyar Sobiyet. Kundin ya bai wa kowane baligi ƙuri'a ɗaya, ya ce a asirce za a kaɗa ta, ya kuma hana kama mutum sai da izinin kotu ko na mai gabatar da ƙara.

Ɗaya daga cikin mutum 31 da aka ɗora wa aikin tsara wannan kundi bai samu kaɗa tasa ƙuri'ar ba. Wata biyar ke nan yana tsare a hannun 'yan sandan ciki. Bayan wata uku aka harbe shi a Mosko.

Sunansa Faizullah Khojaev, shugaban gwamnatin Uzbekistan na farko, wanda ya riƙe muƙamin shekara 12. Tun yana saurayi yake fafutukar a samu rubutacciyar doka da za ta fi ƙarfin mai mulki. Ya kifar da sarki saboda wannan buri, sai dai da bindigar aro ya yi aikin, kuma masu bindigar ba su sake barin ƙasar ba.

Ɗan gata a birnin Imam Bukhari

An haifi Faizullah a shekarar 1896 a Bukhara, birnin da Imam Bukhari ya ɗauko sunansa daga gare shi. Mahaifinsa, Ubaidullah Khoja, yana cikin manyan attajiran garin. Fatar 'yan raguna da ake kira karakul yake fatauci, wadda ake ɗinka huluna da rigunan sanyi masu tsada da ita, yana kai ta kasuwannin Rasha da na Turai.

A lokacin Bukhara masarauta ce babba, wadda ta haɗa da tsakiyar Uzbekistan ta yau, da mafi yawan Tajikistan, da wani yanki na Turkmenistan. Tun 1868 da Rasha ta ci ta da yaƙi take ƙarƙashin inuwar Sarkin Rasha. Rashawa suka riƙe hulɗar waje, suka bar wa Sarkin Bukhara harkokin cikin gida, ya yi yadda ya ga dama.

Babu majalisa, babu kasafin kuɗi, babu bambanci tsakanin baitulmali da aljihun sarki. Hakiman larduna ba su da albashi, daga harajin talakawa suke ci, su aika wa fada da nata kason. Duk nauyin a wuyan manomi yake sauka.

Yana ɗan shekara 11, a 1907, mahaifinsa ya kai shi Mosko, inda ya yi kusan shekara biyar yana karatu. Ya dawo da harshen Rashanci a bakinsa, da kuma idon da ya ga yadda ake tafiyar da wasu ƙasashe. Mahaifin ya rasu a 1912, dukiya mai yawa ta dawo hannun yaron.

A wannan lokaci ne ya haɗu da 'yan Jadid, wato masu neman sabon tsarin karatu. Malamai ne da 'yan kasuwa Musulmi da ke buɗe makarantun da ake koyar da lissafi da tarihi da labarin ƙasa tare da addini. Fada da wasu manyan malamai ba su yarda da su ba. An rufe jaridunsu a 1913, aka rufe makarantunsu a 1914. Faizullah ya shiga cikinsu da ƙuruciyarsa da kuɗinsa.

Alkawarin Sarki da bulala 75

A watan Maris na 1917 juyin juya hali ya kawar da Sarkin Rasha Nicholas na Biyu. Inuwar da Sarkin Bukhara Sayyid Alim Khan ke fakewa a ciki ta gushe, sabuwar gwamnatin Rasha kuma ta matsa masa ya yi gyara.

A watan Afrilu ya fitar da sanarwa. Ya yi alkawarin gyara haraji da shari'a, da kafa kasafin kuɗi, da sakin fursunoni, da kuma zaɓaɓɓiyar majalisa da za ta kula da birnin Bukhara. Wannan ne karon farko da aka yi wa mutanen garin maganar zaɓen waɗanda za su riƙe musu harkokin gari.

Nan kan 'yan gyara ya rabu. Dattawansu suka ce a bi a hankali, kada a tsokano fada. Matasa, ƙarƙashin Faizullah da marubuci Abdurrauf Fitrat, suka dage sai an fita tituna an nuna goyon bayan sanarwar, don kada sarki ya janye.

Suka fita washegari. Masu adawa da gyaran suka fito da taron da ya ninka nasu, dakarun fada suka bi 'yan gyara da kamu. Shahararren marubuci Sadruddin Aini, wanda bai ma goyi bayan fitar ba, ya sha bulala 75. Waɗanda suka tsira suka gudu Kagan, garin tashar jirgin ƙasa na Rashawa da ke kusa da Bukhara. Maganar zaɓen majalisar gari ta mutu daga nan.

A gudun hijira ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wadda aka sani da Matasan Bukhara. Manufofin da Fitrat ya rubuta mata ba su nemi a rushe sarauta ba. Sun nemi a bar sarki a kan gadonsa, a ɗaure shi da doka, a kafa majalisar ministoci, shari'ar Musulunci ta ci gaba da zama ginshiƙin kotuna.

Bindigar aro

Jam'iyyar ba ta da sojoji, ba ta da magoya baya a karkara. Da 'yan Bolshebik na Lenin suka ƙwace mulki a Rasha a ƙarshen 1917, Faizullah ya nufi Tashkent neman taimakon gwamnatinsu da ke can, wadda Fyodor Kolesov ke jagoranta.

Ba a ɓoye halin waɗannan mutane yake ba. A watan Fabrairun 1918 dakarunsu suka ruguza gwamnatin cin gashin kai da Musulmin Turkistan suka kafa a Kokand, suka ƙona garin, suka kashe dubban mutane. Gwamnatin ba ta wuce kwana 72 ba. Bayan 'yan makonni waɗannan dakaru suka doshi Bukhara tare da Matasan Bukhara.

Harin ya ci tura. Sarki ya yi ta jan su da tattaunawa har ya tara jama'a, aka tumɓuke layin dogo, Kolesov ya ja da baya da ƙyar. Tawayen da aka sa ran mutanen gari za su yi bai faru ba. A idon talakan Bukhara, yaran gari ne suka jawo baƙi su ci birnin Musulunci.

Fada ta huce a kan duk wanda aka zarga da ra'ayin Jadid. An kashe ɗaruruwan mutane. Faizullah ya rasa dukiyarsa, ya shiga yawon hijira, har ya ɗanɗana kurkuku a Orenburg a hannun masu yaƙi da 'yan Bolshebik, kafin ya isa Mosko.

A Janairun 1920 ya dawo Tashkent ya sake ɗinke jam'iyyarsa. Yanzu ba gyaran sarauta yake nema ba, jamhuriya yake so. Akwai kuma wata jam'iyyar 'yan gudun hijira, ta Kwaminis ta Bukhara, wadda aka kafa a 1918, kuma ba sa ga maciji da tasa. Mosko ta gindaya sharaɗi: za ta ba da sojoji, amma bayan nasara jam'iyyun biyu za su zama ɗaya.

A ƙarshen Agustan 1920 Kwamanda Mikhail Frunze ya afka wa Bukhara da igwa da jiragen sama. Gobara ta cinye babban ɓangare na fadar Ark, harsashi ya illata hasumiyar Kalon mai ɗaruruwan shekaru. Ranar 2 ga Satumba birnin ya faɗi. Sarki Alim Khan ya tsere gabas, daga can ya tsallaka Afghanistan a 1921.

Faizullah ya zama shugaban majalisar ministoci yana ɗan shekara 24. A cikin watan nan jam'iyyarsa ta narke a cikin ta Kwaminis. Jamhuriyar da aka yi alkawari ta fara rayuwa da jam'iyya ɗaya tilo.

Kundin 1921 da yadda aka yi masa gunduwa-gunduwa

A watan Oktoban 1920 babban taron wakilan ƙasa, wanda suke kira Kurultai, ya ayyana Jamhuriyar Jama'ar Bukhara. A Maris na 1921 Rasha ta sa hannu a yarjejeniyar amincewa da 'yancinta. Tutarta kore da ja ce, da jinjirin wata da tauraro.

A Satumbar 1921 Kurultai na biyu ya amince da kundin tsarin mulki, kuma nan ne aka ga abin da ke zuciyar Matasan Bukhara. Kundin Rasha na 1918 ya hana 'yan kasuwa da malaman addini ƙuri'a. Na Bukhara bai bi wannan sawu ba. Ya bai wa 'yan ƙasa ƙuri'a ba tare da duba arziki ko ƙabila ko addini ba, in ban da dangin sarki da manyan fadawansa. Ya amince mutum ya mallaki dukiya ya yi kasuwanci. Ya kuma tanadi zaɓaɓɓun majalisu tun daga ƙauye har lardi, a madadin hakiman da fada ke naɗawa.

Gwamnatin ta buɗe makarantu, ta mayar da harshen Uzbek harshen aikin hukuma a madadin Farisanci, ta tura gomman ɗalibai karatu Jamus a 1922.

Amma ƙasar na cikin yaƙi. Mayaƙan da Rashawa ke kira Basmachi sun riƙe duwatsun gabas. A ƙarshen 1921 Enver Pasha, tsohon ministan yaƙin Daular Usmaniyya, ya iso Bukhara, ya wuce ya shiga cikinsu. Shugaban ƙasar kansa, Usman Khoja, ɗan'uwan Faizullah, ya juya wa Rashawa baya, ya ƙare a gudun hijira a Turkiyya.

Faizullah ya zaɓi ya zauna. Lissafinsa shi ne, idan 'yan tawaye suka ci, sarki zai dawo, idan kuma shi ya tafi, Rashawa za su naɗa wanda ba zai ce musu uffan ba. An kashe Enver a Agustan 1922, kuma kowace nasara da sojojin Rasha suka samu tana ƙara musu nauyi a cikin gwamnatin Bukhara.

A Fabrairun 1922 aka mayar da jam'iyyar Kwaminis ta Bukhara reshen ta Rasha. A Yunin 1923 Stalin ya caccaki gwamnatin Bukhara a wani taron jam'iyya a Mosko, yana zargin cewa 'yan kasuwa ne suka cika ta. Aka kori Fitrat da wasu ministoci. A Agusta aka yi wa kundin gyara, aka ƙwace ƙuri'ar manyan 'yan kasuwa da masu ba da bashi da tsoffin ma'aikatan fada. Da a ce mahaifin Faizullah na raye, da shi ma ya rasa tasa. Kundin bai cika shekara biyu da kamanninsa na asali ba.

Haihuwar Uzbekistan

A 1924 Mosko ta yanke shawarar sake shata iyakokin Asiya ta Tsakiya bisa ƙabila. Aka rushe Bukhara da Khorezm da Turkistan, aka yanko sababbin jamhuriyoyi daga cikinsu. A nan Faizullah ya nuna gwanintarsa ta siyasa. Maimakon ya tsaya kukan rasa Bukhara, sai ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka haɗa biranen Bukhara da Samarkand da Tashkent da mafi yawan kwarin Fergana a ƙasa ɗaya.

Ranar 27 ga Oktoban 1924 aka kafa Jamhuriyar Uzbekistan ta Sobiyet. A Fabrairun 1925 taron wakilanta na farko ya zauna a Bukhara, ya naɗa shi shugaban gwamnati. Samarkand ce babban birni har 1930, lokacin da aka koma Tashkent. Tajikawa, waɗanda harshensu ya fi yawa a titunan Bukhara da Samarkand, sun samu tasu jamhuriyar a 1929 ba tare da waɗannan birane biyu ba, kuma har yau wasunsu na riƙe da shi a kan haka.

A takarda, mulki na hannun zaɓaɓɓun majalisu. A zahiri, yana hannun jam'iyya, jam'iyya kuma tana karɓar umarni daga Mosko. Kundin Uzbekistan na farko, na 1927, ya bi tsarin Rasha, ya hana malaman addini da 'yan kasuwa ƙuri'a. A shekarun nan aka rufe kotunan alƙalai, aka ƙwace waƙafi, aka ƙaddamar da gangamin tilasta wa mata yar da lulluɓi, wanda ya jawo kisan mata da dama. Daga 1929 Akmal Ikramov ya zama babban sakataren jam'iyya a jamhuriyar. Shi da Faizullah ba sa jituwa, kuma hakan ya yi wa Mosko daɗi.

Sai batun auduga. Stalin ya ƙudurta Tarayyar Sobiyet ta daina sayo auduga daga waje, Uzbekistan ce kuma za ta noma. Aka tattara gonakin manoma aka mayar da su na gwamnati, aka rage noman hatsi, aka kori dubban iyalai zuwa Yukren da wasu yankuna masu nisa da sunan masu arziki ne. An san Faizullah da nuna damuwa kan a mayar da ƙasa gonar amfani guda, ta dogara da wasu wajen abinci. Duk da haka gwamnatin da yake shugabanta ce ta aiwatar da shirin.

Tsoffin abokan tafiyarsa kuwa ana ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. An kama Munawwar Ƙari, jagoran 'yan Jadid na Tashkent, a 1929, aka harbe shi a 1931. Littafin da Faizullah ya wallafa a 1926 kan juyin juya halin Bukhara ya sha suka saboda ya yabi 'yan Jadid, dole ya sake rubuta shi ya rage musu daraja.

Kundin Stalin da shari'ar Mosko

A 1935 aka kafa kwamitin tsara sabon kundin Tarayyar Sobiyet, Stalin na shugabanta. Faizullah da Ikramov suna ciki, haka ma Nikolai Bukharin da babban mai gabatar da ƙara Andrei Vyshinsky.

An amince da kundin ranar 5 ga Disambar 1936, Uzbekistan ta yi nata a kan tsarinsa a Fabrairun 1937. Ya dawo wa malamai da tsoffin 'yan kasuwa ƙuri'arsu, ya lissafa 'yancin magana da na taro da na addini, har ya ce kowace jamhuriya na da ikon ficewa daga tarayyar. Amma sashe na 126 ya ɗora jam'iyyar Kwaminis a kan komai, kuma ita da ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta ne kaɗai ke da ikon tsayar da ɗan takara. Da zaɓe ya zo, suna ɗaya ne a kan kowace takardar ƙuri'a.

A Yunin 1937 aka tsige Faizullah. A Yuli aka kama shi. Ikramov, wanda ya taya a yi masa rubdugu, bai daɗe ba shi ma ya bi sahu.

Daga 2 zuwa 13 ga Maris na 1938 aka gurfanar da su a Mosko cikin mutum 21, tare da Bukharin. Mai gabatar da ƙara shi ne Vyshinsky, abokin zamansu a kwamitin kundi. An tuhumi Faizullah da yunƙurin ɓalle Uzbekistan ya miƙa ta ga Birtaniya, da yi wa noman auduga zagon ƙasa. Ya amsa laifi, kamar yadda aka saba a irin waɗannan shari'o'i da ake shirya su bayan watanni ana gana wa mutum azaba a tsare. Kundin da ya halatta ficewa daga tarayya bai hana a kashe mutum a kan zargin tunanin ficewa ba.

An yanke wa 18 hukuncin kisa. An harbe Faizullah ranar 15 ga Maris, bai wuce shekara 42 a duniya ba. Iyalinsa suka sha ɗauri da kora. Ranar 4 ga Oktoban wannan shekara aka harbe Fitrat a Tashkent tare da marubuta Cholpon da Abdullah Ƙadiri. Da yawa daga ɗaliban da aka tura Jamus an kashe su da sunan 'yan leƙen asiri. Sarkin da suka kora kuwa ya rayu a Kabul har 1944. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Abin da ya bari

A tsakiyar shekarun 1960 hukumomin Sobiyet suka wanke shi daga laifi. Gidan mahaifinsa a Bukhara yanzu gidan tarihi ne da baƙi ke ziyarta. Iyakokin da ya yi fafutukar shatawa a 1924, bayan 'yan sauye-sauye, su ne na ƙasar da ta samu 'yanci a 1991.

Har yanzu ba a daina jayayya a kansa ba. Wasu na ganinsa ɗan kishin ƙasa da ya shiga cikin tsarin don ya ceci abin da zai cetu. Wasu na ganinsa wanda ya buɗe wa baƙi ƙofar birni, ya kuma zauna a kujera lokacin da ake kwashe abokansa.

Tambayoyin da ya taso da su ma suna nan. Uzbekistan ta amince da kundinta na 'yantacciyar ƙasa ranar 8 ga Disambar 1992. Kundin ya halatta jam'iyyu da yawa, ya kafa majalisar dokoki mai suna Oliy Majlis, ya kuma amince da mahalla, wato taron mutanen unguwa da ke zaɓen shugabansu, a matsayin tushen mulkin kai na jama'a. An sabunta shi ta ƙuri'ar raba-gardama ranar 30 ga Afrilun 2023, inda wa'adin shugaban ƙasa ya tashi daga shekara biyar zuwa bakwai.

Jam'iyyu biyar ne ke da rajista a ƙasar, kuma masu sa ido na ƙungiyar OSCE sun sha bayyana cewa babu ta adawa ta haƙiƙa a cikinsu. Tsoffin ƙungiyoyin adawa, Erk da Birlik, ba su da rajista. Gwamnonin larduna kuwa har yanzu naɗa su ake yi daga sama.

Kowace ranar 31 ga Agusta ƙasar na tunawa da waɗanda aka kashe a zamanin danniya, a wani dandali da aka gina a Tashkent kusa da inda aka riƙa harbe su. Faizullah Khojaev na cikin waɗanda ake ambata, ko da yake gawarsa tana can wajen birnin Mosko, a kabarin bai-ɗaya.